Wayar da Ta Isa Kadawa

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya tsakanin Janairu da Maris, da zarar ya wuce Kura ya doshi Kadawa zai fara cin karo da kwandunan tumatir jere a bakin hanya, har ya isa Kwanar Gafan a ƙaramar hukumar Garun Mallam, inda manyan motoci ke lodi zuwa Legas da Fatakwal da sauran biranen kudu. Idan mai kallo ya ɗauke ido daga kan tumatir ya dubi hannuwan mutane, abubuwa uku zai riƙa gani. Akwai ƙaramar waya mai madannai a aljihun gaban rigar dillali. Akwai babbar waya mai allon shafawa, sau da yawa a hannun wannan dillalin dai. Akwai kuma na'urar POS a gaban wani saurayi da ke ƙarƙashin lema, kusa da mai caji da janaretonsa. Kowanne daga cikin ukun nan ya iso wurin ta hanyarsa, kuma a bayan kowanne akwai wasu na'urori da dandamali da aka kashe wa biliyoyin daloli, aka yi musu talla, suka mutu ba su taɓa taka Kadawa ba.

Masu ƙera manhaja suna da tambaya ɗaya da ke gaba da kowace, wato a kan wane dandali za a gina. Abin da ake nufi da dandali a nan shi ne ƙasan da manhaja ke tsayawa a kai: ko Android, ko tsarin wayoyin Apple, ko saƙon tes, ko lambobin nan da ake latsawa tsakanin tauraro da alamar turke waɗanda ake kira USSD, ko shafin intanet. Wanda zai ƙera wasan waya da wanda zai ƙera manhajar kasuwanci duk wannan tambaya ce ke jiransu. A Legas ko Abuja, kuskure a nan asarar jari ce. A yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Mallam, kuskuren kan zama manomin da ya wuni a layi ya koma gida babu taki, ko kwandon tumatir da ya ruɓe saboda kuɗi ya maƙale a hanya.

Mutanen wannan yanki sun san zancen tun kafin waya. An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, aka haƙa magudanan ruwa masu gangarowa da kansu zuwa gonaki, bisa tsarin da ƙwararru daga ƙasar Holan suka taimaka wajen zanawa. Kashin farko na Shirin Kogin Kano an tsara shi ne ya shayar da hekta kimanin 22,000, kuma bayan 1976 kulawarsa ta koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Abin da masu tsarin suka fi sa rai a kai shi ne alkama a lokacin rani, don rage wadda ake shigowa da ita, har gwamnatin Babangida ta haramta shigo da alkama a 1987. Manoma suka karɓi ruwan da hannu biyu, amma suka yi nasu lissafin. Shinkafa ta mamaye Kura, tumatir da albasa da masara suka cika gonakin rani, alkama kuma ta riƙa hawa da sauka gwargwadon tallafin gwamnati. Injiniya ya gina magudana da wata niyya, mai gona ya yi amfani da ita da tasa niyyar. Haka labarin waya ma ya tafi, kusan ƙafa da ƙafa.

Zaɓin tumatir shi ya sa labari ya zama abu mai tsada. Buhun masara zai jira a rumbu har farashi ya gyaru. Tumatir kuwa kwanakinsa a ƙirge suke daga ranar da aka tsinke shi, ga tafiyar da ta haura kilomita 1,000 kafin kasuwar Mile 12 ta Legas. Kafin wayar salula, labarin farashin Legas yana zuwa ne a bakin direban da ya dawo da kwandunan da babu komai a ciki, ko dillalin da ke da ɗan'uwa a can. Labarin ya kwana biyu ko uku kafin ya iso, kuma mai kawo shi yana da ra'ayi a cikinsa. Nijeriya baki ɗayanta ba ta da layukan tarho da suka kai rabin miliyan a ƙarshen shekarun 1990, su ma a manyan birane.

A Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin GSM, kowanne a kan dala miliyan 285. Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan shekarar. Da farko abin na masu hali ne: layi kaɗai yakan fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata, kira kuma naira 50 a minti, ko da daƙiƙa biyar mutum ya yi. Sai da Glo ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa sannan sauran suka sauko, farashin layi ya faɗi. Kamfanoni sun fara kafa turakunsu a birane da manyan tituna, don haka zaman garuruwan nan a kan titin Zariya ya zame musu riba a kan ƙauyukan da ke can ciki.

Wayar wannan zamani Nokia ce, kuma babu wadda ta dace da gona kamar Nokia 1100 da ta fito a 2003. An ƙera ta da madannai na roba guda ɗaya da ƙura ba ta shiga cikin sauƙi, da tocila a ka, da batirin da ke kwanaki. An sayar da fiye da miliyan 200 a duniya. A wurin da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, kuma mai ban ruwa kan fita gona da duhun asuba don kama rabonsa na ruwa, tocilar nan ba ƙawa ba ce. Irin waɗannan ƙananan wayoyi ne daga baya matasa suka laƙaba wa sunan tsokana, rakani-kashi, amma har yau su ne a aljihun manyan dillalai. A cikinsu kuma mutane da yawa suka fara yin wasan lantarki a rayuwarsu, wato wasan macijin nan mai cin ƙwaya yana ƙara tsawo, wanda Nokia ta fara sakawa a wayoyinta tun 1997. Ba a saye shi ba, ba a sauke shi daga ko'ina ba, ba ya bukatar sabis. Yana cikin wayar tun daga masana'anta. Wannan hanya ta isa ga mutane, wato a riga a zuba manhaja a cikin na'ura kafin ta bar kanti, za ta sake bayyana bayan shekaru ashirin da wata fuska.

Wajen ƙarshen shekarun 2000 sai wayoyin Sin suka cika Bairut Rod da kasuwar Farm Centre a Kano, daga nan suka gangaro kasuwannin ƙauye. Asirinsu wani kamfanin Taiwan ne mai suna MediaTek, wanda ya riƙa sayar da ƙwaƙwalwar waya haɗe da manhajarta a shirye, ta yadda ƙaramar masana'anta a Shenzhen za ta sa mata gida da lasifika kawai ta fitar kasuwa. Da yawansu ba su da inganci, amma sun zo da abin da Nokia ta yi nawar kawowa: layi biyu a waya ɗaya. Kira tsakanin kamfani da kamfani ya fi tsada a lokacin, kuma sabis ɗin da ke kamawa a bakin titi ba lalle ya kama a gonar da ke bayan Bunkure ba. Mai layi biyu ya huta da ɗaukar waya biyu. Kamfanin Transsion, wanda aka kafa a 2006, ya lura da wannan, ya mayar da hankalinsa kacokan kan Afirka daga 2008 da sunan Tecno, daga baya itel da Infinix suka biyo. Batiri mai girma, lasifika mai ƙara, rediyo, kyamarar da aka daidaita don baƙar fata, da shagunan gyara na Carlcare. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama abin alfahari a taron fasaha na Amurka, amma su suka ci kasuwar.

Wayar Sin ta kawo wani abu kuma da ya fi layi biyu tasiri ga al'ada, wato katin memori da bulutut. Da su aka samu sana'ar 'yan dawunlodin, masu kwamfuta a rumfa da ke tura wa mutum fina-finan Kannywood da waƙoƙi da wa'azi da wasanni a kan 'yan nairori. Wannan ita ce kasuwar manhaja ta farko a karkarar Kano, kuma ba ta san da zaman wani kanti na Google ko Apple ba. Wasannin Java, waɗanda girmansu bai wuce 'yan ɗaruruwan kilobait ba, suna yawo daga waya zuwa waya kamar yadda irin tumatir mai kyau ke yawo daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Masu Nokia mai Java suka shiga 2go, dandalin hira daga Afirka ta Kudu, suka leƙa intanet ta Opera Mini, wadda ke matse shafi a can nesa kafin ta turo shi don kada ya cinye kati.

A daidai wannan lokaci, mai ƙera manhaja a Legas da ya ɗaga kai ya dubi abokansa zai ga wata duniya daban. Tsakanin 2010 da 2013 BlackBerry ce alamar wayewa a biranen Nijeriya, musayar lambar BBM ta zama gaisuwa. A Fabrairun 2011 shugaban Nokia, Stephen Elop, ya sanar da cewa kamfanin zai bar tsarinsa na Symbian ya rungumi Windows Phone na Microsoft. Mai hankali a wancan lokaci yana da hujjar da zai ce nan gaba take: Nokia ce ta mallaki Afirka, Microsoft kuma ba ƙaramin kamfani ba ne. Abiola Olaniran, wani matashi ɗan Nijeriya, ya kafa kamfanin wasanni na Gamsole a 2012 ya gina a kan Windows Phone, inda masu gasa ba su da yawa, aka kuma sauke wasanninsa sau miliyoyi a ƙasashe daban-daban. Dabara ce mai kyau ga shekarunta. Sai dai ƙasan da aka yi ginin a kai ta zame. Microsoft ta kammala sayen sashen wayoyin Nokia a 2014, ta kasa tsayar da shi, ta janye tallafin tsarin baki ɗaya a ƙarshen 2019. BBM na jama'a ya rufe a Mayun 2019, tsofaffin wayoyin BlackBerry kuma aka katse musu hidima a Janairun 2022. Duk wannan tashi da faɗuwa ya wuce ta saman Kadawa kamar hadarin da bai zubar ba, domin wayoyin ba su taɓa saukowa farashin da mai gona zai saya ba.

Gwaji mafi girma na zaɓin dandali ga manoma daga gwamnati ya zo. A 2012 Ministan Noma Akinwumi Adesina ya ƙaddamar da shirin tallafin taki da iri ta wayar salula, wanda aka sani da GES, kamfanin Cellulant kuma ya gina na'urar da ke tafiyar da shi. Hujjar ministan ita ce a tsohon tsari, inda gwamnati ke sayen taki ta raba, kashi 11 cikin 100 kacal na manoma ke samun takin tallafi, sauran yana bin hannun 'yan siyasa da 'yan kwangila, wani ma ya tsallaka iyaka. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake rabon taki a sakatariyar ƙaramar hukuma ba zai yi gardama mai tsawo da wannan ba. Sabon tsarin ya ce a yi wa manomi rajista da lambar wayarsa, a turo masa saƙo idan taki ya iso, ya je wurin dilan da aka amince da shi ya biya rabin kuɗin buhu biyu, gwamnatin tarayya da ta jiha su raba ragowar rabin. Ma'aikatar ta ce ta yi wa manoma fiye da miliyan 10 rajista, aka kuma faɗaɗa shirin ya haɗa da noman rani.

Abin lura shi ne an zaɓi saƙon tes, dandali mafi ƙasƙanci da ake da shi, wanda kowace waya ke karɓa. A ganina wannan shi ne daidai, kuma shi ya sa shirin ya kai inda ya kai. Da an gina shi a kan manhajar Android a 2012, da bai wuce gidajen gonar manyan ma'aikata ba. Amma ko mafi ƙasƙancin dandali yana da sharuɗɗan da ya ɓoye. Yana ɗauka cewa kowane manomi yana da wayarsa shi kaɗai, alhali gida guda kan yi tarayya a waya ɗaya, mata kuma da yawa ba su da ita sam. Yana ɗauka cewa lambar da aka rubuta ranar rajista ita ce za ta kasance a hannun mutum bayan wata shida, alhali layi kan ɓata, a sayi wani. Yana ɗauka cewa mai wayar yana karanta boko, alhali dattijon da ya sauke Alƙur'ani yake rubuta bashinsa da ajami yana iya share saƙon yana zaton tallar kamfani ce. Mafi muni, yana ɗauka cewa akwai sabis a cibiyar karɓar taki a ranar da ɗaruruwan mutane suka taru, domin sai dila ya tura lambar manomi an tabbatar kafin a sallame shi. A wurare da yawa inda sabis ya ƙi, sai aka koma rajistar takarda, wato ƙofar da aka so rufewa tun farko.

Amsoshi biyu aka kawo wa matsalar, kuma bambancinsu darasi ne. Ta farko ita ce a raba wa manoma wayoyi. A farkon 2013 labari ya bazu cewa gwamnati za ta sayi wayoyi miliyan 10 a kan naira biliyan 60, jama'a suka yi ca, ministan ya musanta adadin kuɗin, maganar ta bi ruwa. Ta biyu ta fi natsuwa: cibiyar raya taki ta duniya, IFDC, ta gwada wani tsari a Sakkwato da yankin Abuja inda manomi ke riƙe kati mai ɗauke da bayanansa, dila kuma ke riƙe na'urar Android da ake ɗora katin a kai, tana aiki ko babu sabis, ta aika da bayanan daga baya. Wato an ɗauke nauyin fasaha daga kan manomi an ɗora wa dila, mutum ɗaya da ke hidimar ɗaruruwa, wanda zai iya sayen na'ura ya kuma yi mata caji. Shirin GES ɗin kansa ya yi rauni bayan canjin gwamnati a 2015, Adesina ya tafi Bankin Raya Afirka, dilolin taki suka daɗe suna bin gwamnati bashi. Amma dabarar nan ta ɗora na'ura a hannun wakili ba ta mutu ba.

Android ta iso karkara ne a kan bayan Tecno da itel da Infinix, a hankali, daga tsakiyar shekarun 2010. Idan aka tambayi abin da ya sa mai gona ya daure ya sayi waya mai shan caji kullum, amsar WhatsApp ce, musamman saƙon murya da aka ƙara masa a 2013. Da shi katangar boko ta faɗi. Mutum ya danna ya yi magana da Hausarsa, ya ɗauki hoton kwando ya tura Legas, abokin ciniki ya ga girma da launi kafin a yi ciniki. A 2016, shekarar da masana'antar tumatir ta Dangote ta buɗe a Kadawa da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir na Kano da Kaduna da Jigawa, masana'antar ta tsaya don rashin abin niƙawa. A irin wannan annoba, hoton ganyen da tsutsa ta huda ya fi bayanin baki sau goma ga malamin gona ko mai sayar da magani. Kamfanoni da ƙungiyoyin agaji sun ƙera manhajojin manoma iri-iri tun daga lokacin, masu rajista da kalmar sirri da jerin zaɓi a rubuce. Mafi yawan kasuwancin dai a zauren WhatsApp yake gudana, dandalin da ba a ƙera shi don noma ba. WhatsApp ɗin kuma shi ya yanke wa tsofaffin wayoyi hukunci: ya bar Symbian da BlackBerry a 2017, ya bar Nokia mai Java a ƙarshen 2018. Wanda ke son zama cikin zauren dole ya koma Android.

Ta fuskar wasanni, Android ta Kadawa ba irin ta mai ƙera manhaja ba ce. Waya ce mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, ma'ajiyarta cike da bidiyo, mai ita kuma yana kunna data ne ya karɓi saƙo ya kashe. Wasa yana shigarta ta Xender daga wayar aboki, ba ta kantin Google ba. Abin da ke rayuwa a nan shi ne wasan da ba shi da nauyi kuma ba ya neman intanet: Ludo King, wasannin ƙwallo, da masu gudu irin su Subway Surfers. Ko a cikin wasannin harbi da ake yi ta intanet, Free Fire da ya fito a 2017 ya samu karɓuwa a ƙasashe masu tasowa ne saboda an ƙera shi ya gudu a kan ƙananan wayoyi. Ga mai ƙera wasa na gida, irin su Maliyo Games na Legas, lissafin yana da ɗaci. Shiga kantin Google dala 25 ce sau ɗaya, na Apple dala 99 duk shekara kuma sai da kwamfutar Mac, don haka Android ta fi sauƙin shiga, ta fi yawan jama'a. Sai dai kuɗin wasa yana fitowa ne daga sayayya a cikinsa ko daga talla. Sayayya tana bukatar katin banki da ke aiki a kantin waje, talla kuma tana bukatar data a kunne. Yaron da ke buga wasa a rumfar mai caji a Chiromawa, da data a kashe, a kan kwafin da aka turo masa, yana jin daɗin aikin mai ƙera wasan ba tare da kobo ya koma ba. Masu iPhone ne ke biya, su kuma ba a nan suke ba. Wannan, fiye da rashin gwaninta, shi ne dalilin da ya sa wasannin da aka gina a kan dara ko langa ko rayuwar karkarar Hausa ba su zama sana'ar da ke ciyar da mutane ba tukuna.

Harkar kuɗi ta bi wata hanya. A Kenya, M-Pesa ta fara a 2007 a kan layin waya, kamfanin sadarwa ne ya jagoranta. A Nijeriya Babban Banki ya ƙi barin kamfanonin waya su jagoranci harkar, sai a 2022 MTN da Airtel suka fara bankunansu na biyan kuɗi. Gurbin da aka bari, bankuna suka cike shi da USSD, wanda ke aiki a kan rakani-kashi ba tare da data ba, duk da cajin naira 6.98 da aka ɗora masa a 2021 bayan doguwar taƙaddama tsakanin bankuna da kamfanonin waya. Sai kuma wakilai. OPay ta fara a 2018, PalmPay a 2019 da goyon bayan Transsion, wanda ke iya zuba manhajar a cikin wayoyinsa tun daga masana'anta, kamar macijin Nokia. Moniepoint ta bazu da na'urorinta masu launin shuɗi. Dukkansu sun gane abin da gwajin Sakkwato ya nuna: ba sai kowane manomi ya mallaki babbar waya ba, ya isa a samu mutum ɗaya a bakin kasuwa mai na'ura, wanda aka san gidan ubansa.

An gwada ƙarfin waɗannan zaɓuɓɓuka a rana tsaka. A Oktoban 2022 Babban Banki ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin ba su wadata ba. Wannan ya faɗo daidai tsakiyar kakar tumatir, a kasuwar da kowane mataki nata tsabar kuɗi ne: masu tsinka, masu ɗauka, masu kwando, direba, mai abinci. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka dubban mutane suka buɗe asusu a cikin makonnin nan. Manhajojin manyan bankuna suka riƙa durƙushewa saboda cunkoso, kuɗi ya fita daga asusun mai saye bai shiga na mai sayarwa ba, mota tana jira, rana tana dukan kaya. Sababbin kamfanonin, waɗanda aka gina na'urorinsu tun farko don ɗimbin ƙananan ciniki, suka fi jurewa, kuma a nan suka samu amincewar da talla ba ta saya musu ba. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki, amma kafin nan kalmar taransifa da jiran alat sun riga sun zauna a bakin kasuwa. Ita kuwa eNaira, wadda Babban Bankin ya ƙaddamar a Oktoban 2021 ta hanyar manhajar da ke neman babbar waya, ko a wannan matsi ba ta zama abin da mutane suka ruga gare shi ba.

Yau wanda zai ƙera manhaja don ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka ƙarfafa a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 aka gyara magudanan Kogin Kano da kuɗinsa, ko don masu casar shinkafa a Kura, yana fuskantar jama'a mai hawa uku a lokaci guda. Shugaban ƙungiya da dila da mai POS suna da Android. Yawancin mambobi suna da ƙaramar waya, wadda kira da tes da USSD kaɗai ke isa gare ta. Wasu kuma, musamman matan da ke turara shinkafa a cikin gida, sai ta wayar ɗa ko miji. Faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta ninka farashin wayoyi, Hukumar Sadarwa kuma ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, don haka hawan daga ƙaramar waya zuwa babba ya ƙara tsawo. Shi ya sa dillalin Kwanar Gafan bai yar da ƙaramarsa ba bayan ya sayi babba. Babbar tana ɗaukar hoton kaya, tana karɓar muryoyin Legas, kafin la'asar kuma tana wurin mai caji. Ƙaramar ce ke ɗauke da layin da aka yi rajistar banki da shi, kuma a kanta alat ke shigowa.